Hannun da Koci Ya Ɗaga

Mai Allo ne ya fara kawo maganar, a ɗan ɗakin nan da suke ajiye ƙwallaye da rigunan 'yan wasa, mai warin gumi da tsohuwar roba. Shi ne mataimakin Koci, kuma sunan ya bi shi ne saboda wani ɗan farin allo da ba ya rabuwa da shi, ko bayi zai shiga yana maƙale a hammatarsa. Ya zana da'ira, ya zana kibiya, ya ƙwanƙwasa bakin alƙalami a kan da'irar.

"Koci, mu gaya wa kanmu gaskiya, ba mu da wanda zai iya tare Falwaya. In ya shigo ƙarƙashin kwando sai dai mu raka shi da ido. Amma ka tsayar da shi a layi ka ba shi jifan kyauta, rabi yake zubarwa. To me muke jira? Da ya ɗaga hannu a rungume shi kawai."

Koci ya kau da kai. Sai faman danna wata ƙwallo yake yi da babban yatsa kamar mai duba ko iskarta ta ragu, alhali shi da kansa ya hura ta da safe.

Ga wanda bai san ƙwallon kwando ba, dabarar tsohuwa ce. In ɗan wasa ya tashi jefawa ka yi masa keta, ka riƙe shi ko ka doke masa hannu, alƙali zai busa usur, a tsayar da agogo, a kai shi layi ya jefa sau biyu ba mai tare shi. Gwani murna yake yi, maki biyu ne suka faɗo masa a banza. Amma akwai ƙattin da in ana turmutsitsi ba a iya musu, da an ce su tsaya su kaɗai su jefa sai hannu ya ce bai san zance ba. Irin waɗannan ake yi wa keta da gangan, ya zubar, ƙwallo ta dawo hannunka. Doka ba ta hana ba. To ai abin da doka ba ta hana ba yawa gare shi, har da cin abinci kana tanɗe baki a gaban mai jin yunwa.

Inda matsalar take, Falwaya ɗan yayar Koci ne, yayar da suke uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ta goya shi ta wanke masa kashi. Koci ne ya fara ɗora wa yaron ƙwallo a hannu tun yana ɗan siriri, duk gwiwa da wuya. Shi ya raɗa masa Falwaya saboda tsayin da ya yi ta yi ba ji ba gani. Da ya girma wata ƙungiyar ta neme shi, Koci da bakinsa ya ce ya tafi, sun fi kayan aiki. Gobe kuma ƙungiyar nan ce za ta zo musu har gida, wasan ƙarshe na kaka, kuma labari ya bazu cewa wani baƙo daga babbar ƙungiya zai zo takanas don ya ga wasan yaron. In ya gamsu zai tafi da shi. Yaya ta yi ta faɗa wa maƙwabta har sun fara gudunta.

Shi kuma Koci ƙungiyarsa tana bakin rami. In suka sha kashi gobe sun faɗa rukunin ƙasa, kuma Shugaban ƙungiya ya riga ya gaya masa, cikin fara'a har yana dafa masa kafaɗa, cewa ƙungiyar da ta faɗi sabon jini take buƙata.

"Wannan ba wasa ba ne, kokawa ce," in ji Koci daga ƙarshe. "Mutane kallon ƙwallo suke zuwa yi, ba sauraren usur ba."

"Mutane zuwa suke su ga mun ci. Ranar Litinin wa zai tambaye ka yadda aka yi? Kuma ka yi haƙuri, Koci, da ba ɗanka ba ne da tuni kai ka fara kawo shawarar."

Maganar ta soke shi, don gaskiya ce. Ya sha yi wa 'ya'yan wasu, ya koma gida ya yi barcinsa har da munshari.

"Ɗauki allonka ka ba ni wuri," ya ce.

Washegari zauren wasan ya cika har kan tagogi. Fanka biyu ce kawai ke aiki, su ma iskar zafi suke juyawa. Koci ya hango Yaya a layi na uku, ta ɗora jaka a cinya ta riƙe da hannu biyu kamar mai jiran likita. Ba ta taɓa zuwa kallon wasa ba, ba ta san me ake ci me ake bari ba, ita dai an ce yau ranar ɗanta ce. A kujerar gaba kuma ga baƙon, wani ɗan tsamurarren mutum mai tabarau, ya harɗe ƙafa, ba ya tafi ba ya magana.

Kafin a fara, Falwaya ya ratso fili a gaban kowa, ya zo ya rusuna har sai da kansa ya yi daidai da na kawunsa.

"Kawu, ina wuni? A sa mu a addu'a."

"Addu'ar ka cinye ni zan yi maka? Wuce ka ba ni wuri, ja'iri."

Yaron ya yi dariya, ya koma da gudu.

Kai, ranar yaron ya yi wasa! In ya yi tsalle ya dankara ƙwallo a kwando sai ka ga ƙarfen yana ta rawa. In aka jefa ta gefensa ya make ta kamar mai korar ƙuda. An sa masa mutum biyu, ya bi ta tsakaninsu. Har 'yan kallon gida, da suka zo zaginsa, wani lokaci sai ka ji sun ce "Kai!" ba da niyya ba. Sau ɗaya ma Koci ya kama kansa zai yi tafi, ya yi maza ya cusa hannuwan a aljihu. Baƙon ya warware ƙafarsa, ya sunkuyo gaba.

Aka shiga zangon ƙarshe baƙi na gaba da maki tara. Shugaba ya daina kallon fili, Koci yake kallo. Mai Allo ya matso kusa da kunnensa.

"Koci, in ba yanzu ba sai yaushe?"

Koci ya dubi benci. Kowane ɗan wasa laifi biyar yake da shi kafin a kore shi daga fili, ga kuma wasu zaune da tun farkon kaka ba su taɓa jiƙa riga da gumi ba, laifinsu na nan cif ba a taɓa ba. Ya yafito ɗaya daga ciki, wani kakkaura.

"Da ya ɗaga hannu zai jefa, ka rungume shi. Kar ka ji masa ciwo."

Aka rungume, usur ya tashi, aka kai Falwaya layi. Ƙa'idar masu kallo ce da ba wanda ya rubuta: in ɗan gida ne a layi a yi tsit don ya natsu, in baƙo ne a rikita shi da ihu. Mai Ganga, jagoran magoya baya, wani jibgegen mutum da muryarsa ba ta buƙatar lasifika, ya saki ganga. Masu gwangwani suka ɗauka, masu fito suka ɗauka, ana buga ƙafa a katako har ƙura na tashi. Falwaya ya buga ƙwallo a ƙasa, ya jefa. Suf! Ta biyu ma suf. Aka sake rungume shi, aka ƙara ihun, ya sake zura duka biyun ko a jikinsa.

Mai Allo ya dubi allonsa kamar allon ne ya ci amanarsa. "Wannan ba lissafina ba ne. Rabi yake zubarwa, wallahi rabi!"

Lissafin Mai Allo ba ƙarya ba ne, guntu ne. Ragowar kuwa mutum ɗaya ne ya san ta a duk zauren, ban da yaron.

Shekarun baya ne, wata yamma bayan an watse daga atisaye, Falwaya ya tsaya a layi a filin da ba kowa sai su biyu, ya yi ta jefawa yana zubarwa. Da ya gaji ya zauna a ƙasa ya haɗa kai da gwiwa. Koci ya zauna kusa da shi yana shirin yi masa bayanin yadda ake karya wuyan hannu, sai yaron ya ce, "Kawu, ba hannuna ba ne. Shirun ne." Mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai zafin hannu. Gidansu gidan hayaniya ne, rediyo na yi, ƙanne na faɗa, tukunya na ƙara, amma da an ji babur ɗinsa ya tsaya a ƙofa sai a kashe rediyo, kowa ya kama bakinsa. Shirun nan shi ke fara shigowa, sannan bel ya biyo baya. "Har yanzu in wuri ya yi tsit," in ji yaron, "sai in ji kamar yana tsaye a bayana yana kwance bel ɗin." Ranar Koci ya jawo kan yaron ya ɗora a kafaɗarsa, daga nan kuma kullum da rediyo suke atisaye. Ba wanda Falwaya ya ƙara gaya wa, har kocinsa na yanzu. Shi ya sa a filinsu, inda masoyansa ke yi masa shiru don ƙauna, yake zubarwa, a filin wasu kuma, inda ake zaginsa ta uwa ta uba, yake ci.

Abin takaicin shi ne Koci bai yi wani dogon tunani ba. Da a ce ya tsaya ya yi ta kokawa da zuciyarsa ne, da sai a ce an rinjaye shi. Ina! Abin ya zo masa ne garau, yadda amsar lissafi ke zuwa wa wanda ya iya. Ya nemi alƙali ya tsayar da wasa. 'Yan wasansa suka kewaye Mai Allo suna haki, shi kuma ya wuce su ya nufi Mai Ganga.

"In an sake kai shi layi, ku yi shiru."

"Shiru? Koci, zafi ne ya taɓa maka kai?"

"Da ka ga na ɗaga hannu, kar in ji ko tari."

Aka koma fili. Aka ba Falwaya ƙwallo, ya juya zai jefa, kakkauran nan ya rungume shi. Usur. Yana isa layi ihu ya fara tashi, sai Koci ya tako bakin fili ya ɗaga hannunsa sama. Mai Ganga ya kifa tafinsa a kan fatar ganga. Na kusa da shi suka yi shiru, na bayansu suka bi, shirun ya yi ta hawa layi-layi har kan tagogi. 'Yan tsirarun magoya bayan baƙi da ma shiru suka saba yi masa. Wuri ya yi tsit kamar mutuwa ta gifta, ba abin da kake ji sai ƙugin fanka.

Koci na kallo kafaɗun yaron suka hau har kusa da kunnuwansa. Yaron ya goge tafinsa a wando, ya sake gogewa. Sai ya waiga bayansa. Mutane sun ɗauka abokan wasansa yake dubawa, Koci kaɗai ya san wanda yake nema. Da bai ga kowa ba ya juyo da kansa a hankali, idonsa ya bi gefen fili, ya sauka a kan kawunsa tsaye da hannu a sama.

Suka kalli juna. Ba fushi a fuskar yaron, da ma fushin ne da ya fi sauƙi. Mamaki ne, irin na wanda ya zo zama aka janye kujera.

Ta farko ta doki ƙarfe ta yi waje. Ta biyu ko ƙarfen ba ta kai ba.

A nan ne ya kamata mutum ya sauke hannu, ya ce ya isa haka. Koci bai sauke ba. Yaransa suka ɗauki ƙwallo suka ci, tazara ta ragu, zauren ya ɓarke, shi ma ya ji daɗin ya ratsa shi har tafin ƙafa, kuma wannan daɗin ne daga baya ya fi damunsa. Aka sake rungume Falwaya, Koci ya sake ɗaga hannu. Laifin kakkauran ya ƙare, ya tura na biyu. Yanzu 'yan kallo sun gane wasan, ba sa ma jiran hannun, da kansu suke cewa "Shhh!" suna danne dariya. Yaron ya tsaya a layi da tsayinsa duka, gumi na ɗiga daga haɓarsa, yatsunsa na kakkarwa a jikin ƙwallo, ana ganin kakkarwar daga benci. Wata jifar ta tafi can gefe ta doki mai ɗaukar hoto, wani daga sama ya kasa riƙe dariyarsa, ta fito ita kaɗai a cikin shirun.

Kocin baƙi ya fitar da yaron. Falwaya ya zauna a ƙarshen benci ya lulluɓe kansa da tawul. Baƙon mai tabarau ya miƙe, ya kakkaɓe wandonsa, ya fita tun ba a tashi ba.

Da maki biyu suka ci. Aka ɗaga Koci sama, Shugaba ya rungume shi yana cewa da ma shi bai taɓa shakka ba. Mai Allo kuwa har rawa yake yi.

"Wallahi Koci kai aljani ne! Shiru! Wa zai yi tunanin shiru? Ta yaya ka gano?"

"Kwashe ƙwallayen nan," in ji Koci.

Bai bi layin gaisawa da baƙi ba. Ya shige ɗakin ajiya ya zauna a kan buhun riguna har motarsu ta tashi. Kunya ce ta rufe shi, irin wadda ke sa mutum ya ji warin jikinsa. Ya gwada gaya wa kansa abin da ya saba gaya wa wasu: doka ba ta hana ba, ɗan wasa ya gyara jifansa, koci aikinsa ya ci wasa. Duk gaskiya ne, game da ketar. Amma hannun nan ba a littafin koyarwa ya samo shi ba, a kafaɗarsa aka yi kuka aka ba shi.

Da hantsi washegari ya tafi gidan Yaya. Tun a hanya yake shirya maganar da zai yi, yana rushewa yana sakewa. Ya ƙudurta duk abin da ta faɗa zai shanye, in ma mari ne ya cancanta, ai ba yau ta fara marinsa ba. Ya same ta a tsakar gida tana shanya, rigar wasan yaron na ɗiga a kan igiya.

"Auta, kai ne? Shigo mana, ka tsaya a ƙofa kamar baƙo."

Ya durƙusa ya gaishe ta. Idanunta sun kumbura, muryarta ta dushe. Ta ce baƙon nan ya tafi ko sallama bai yi ba, ya dai aiko cewa sai wani lokaci, kuma ita ba yarinya ba ce, ta san ma'anar wani lokaci. Ta matse wani zane ta yarfa shi.

"Na ga abin da ka yi jiya, Auta. Da idona na gani."

Koci ya sunkuyar da kai. "Yaya, ni dai..."

"Bar ni in gama. Ni ban san wasanku ba, amma na san ihu. Mutanen nan sun tasa min yaro a gaba da ganga da gwangwani kamar sun kama ɓarawo, ni kaina sai da kaina ya sara. Sai na ga ka taso, ka je ka tsawata wa mai gangar nan, ka ɗaga hannu aka yi masa shiru don ya samu natsuwa. Matar da ke kusa da ni ta ce tun da take zuwa kallo ba ta taɓa ganin an yi wa baƙo haka ba. Na ce mata ƙanena ne, ni na goya shi." Ta share ido da bayan hannu. "Ga aikinka a gaba, ga mutanenka na kallo, amma ka tuna jini. Su dai yaran nan naka masu rirriƙe shi ka ja musu kunne, ba su da tarbiyya."

Koci ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Marin da ya zo karɓa ya fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba.

Ta juya wajen ɗaki. "Kai, fito ka gode wa kawunka. Tun jiya ka ƙule kamar mai jego."

Falwaya ya fito da tsohuwar singileti, fuska a kumbure. Ya tsuguna nesa kaɗan, idonsa a kan siminti.

"Ina kwana, Kawu. Na gode."

"Bari in ɗora maka shayi," in ji Yaya, ta shige kicin.

Suka rage su biyu. Koci ya matso.

"Ka ji ni, ɗana. Zan gaya mata gaskiya yanzun nan. Ba zan iya..."

"Kar ka faɗa." Yaron bai ɗago ba, kuma a hankali yake magana, yadda ake yi wa babba. "Jiya ba ta runtsa ba. Duk abin da ya faru, wannan kaɗai ta samu ta riƙe, shi take ta maimaitawa. In ka faɗa mata sai ka faɗi dalili, in ta ji dalilin kuma ba kai kaɗai za ta zarga ba, har da kanta. Ka bar mata."

"Kai fa?"

"Ni ai na sani, Kawu."

Yaya ta fito da kofi tana hura shi, ta ajiye a gaban ƙanenta. Ta zauna a kan 'yar kujera, ta dubi ɗanta, ta dubi ƙanenta, sai ta buɗe tafukanta sama.

"Ni ba ni da abin da zan biya ka, Auta, sai addu'a. Allah ya yi maka yadda ka yi masa. Allah ya sa naka 'ya'yan, ranar da suka shiga tsaka mai wuya, su samu wanda zai yi musu abin da ka yi wa nawa."

Falwaya ne ya fara cewa amin, can ƙasa-ƙasa. Yaya ta tsaya da tafukanta a buɗe tana jiran na ƙanenta.

"Auta, ba ka ji ba ne? Ka ce amin mana."